Ranar da Kalla Ya Aiki Kansa

Duk wanda ya taɓa yin kwana biyu a Rijiyar Gao, ƙauyen nan da ke bisa duwatsu tsakanin Allakaye da Buza, ya san muryar Kalla tun kafin ya san fuskarsa. Ni ma haka na san shi. Ranar da aka turo ni daga wajen Maraɗi in riƙe lakwal ɗin garin, wato makarantar boko, ban gama sauke katifata daga mota ba sai na ji ganga, na ji wani yana tsaga gari da murya: "Jama'a, a saurara! An kawo sabon mushe! Mai gari ya ce kowa shi kai ɗansa lakwal ran Littinin!" Mushen ni ne, haka ake ce wa malamin lakwal a nan. Na waiwaya ina neman wani ƙaton mutum, sai ga ɗan siriri, ƙafafu kamar sillen kara, da ganga rataye a kafaɗa. Na ce masa, "Malam, wannan muryar aro ka yi?" Ko murmushi bai yi ba, ya ce, "Gado ce, Mushe." Shekara goma sha tara ke nan, kuma har yau in na tsokane shi amsarsa ba ta wuce kalma uku.

Gadon kuwa gaskiya ne. Kakansa mai shela ne, ubansa mai shela ne. Uban ya bar masa ganga da gona da doka guda: mai shela ba ya faɗin tasa. Abin da aka aike shi da shi, shi zai faɗa, ba ƙari ba ragi. In ba a aike shi ba, ko me ya gani, ko me ya ji, bakinsa ƙanin ƙafarsa. Na taɓa ce masa wannan ai zaman ganga ne, sai an buga ka yi ƙara. Ya ce ran da mai shela ya fara sa son ransa cikin aike, ran nan mutane za su daina tsayawa in sun ji kiɗa. Da wannan dokar ya yi shekara talatin yana shelar jakin da ya ɓace, da ranar allurar rigakafi, da gayyar gyaran rijiya, kuma ba a taɓa cewa Kalla ya ƙara gishiri ba.

Abin dariya, mutumin da ake jin muryarsa har bayan dutse, gidansa ya fi kowane gida shiru. Matarsa Fatsima ta rasu wurin haihuwa ta biyu, abin da ta haifa ma bai zauna ba. Bai sake aure ba. Matan garin suna cewa wa za ta auri mutumin da ke ƙarar da maganarsa a kasuwa, ya dawo gida babu saura. Ɗa guda aka bar masa, Idris, ɗan fari. Kakarsa ta goye shi, da ta rasu yana shekara tara ya dawo wurin ubansa. To kun san ɗan fari a ƙasar nan. Ba a kiran sunansa, ba a hira da shi a gaban mutane, ba a nuna an damu da shi. Kalla ya riƙe wannan kunyar fiye da kowa. "Kai" yake ce masa, in kuma zancensa ya taso sai ya ce "yaron nan". Suna gida ɗaya, kowa da ƙwaryarsa, kowa da inuwarsa.

Amma ni ba a yi mini wayo. Sau nawa ina cikin aji in hango shi ta taga, ya tsaya wai yana gyara igiyar ganga, daidai lokacin da Idris ke karatu da ƙarfi? In na fito sai ya ce, "Mushe, 'yan ajinka suna ƙoƙari?"

In ce, "Wanne daga ciki? Su sittin ne."

Ya ce, "Duka."

In ce, "To akwai wani mai kunnuwa irin naka, shi ne na biyu."

Sai ya sunkuyar da kai ya wuce, amma tafiyarsa takan canza.

Shekarar da Idris ya cika sha huɗu, yana ajin ƙarshe, bayan an gama ɗaurin hatsi, wani baƙo ya sauka garin. Alhaji Isaka ya ce sunansa. Fes-fes da shi, ga carbi, ga fara'a, ga wani tabo a gefen gira. Zauren mai gari aka sauke shi, ya kwana uku, yana sahun gaba kowace salla. Ya saya wa yara ƙwallo sabuwa. Ya ce yana da garejin gyaran mota a Agadas, yana neman yara masu kai ya koya musu sana'a, ci da sha duk nasa. Ni ko ganinsa ban yi ba, ina can ina fama da rufin aji da iska ta yaye.

Tafiya a nan ba baƙon abu ba ce. Da an kai hatsi rumbu rabin mazan gari sun watse cin rani, wasu Abijan, wasu Libiya, wasu Kano. Kuma ba a faɗin ranar tashi, saboda tsoron baki. Ku yi sallar isha da mutum, gari ya waye a ce ya yi nisa. Wanda ya lura ma sai ya yi kamar bai lura ba, don tambayar matafiyi ina za shi rashin ta ido ne, wasu ma suna cewa mugun fata ne. Baƙon nan ya san haka sarai. Ya ce wa yaran kada su gaya wa kowa, kuma wannan bai zama abin mamaki ga kowa ba, don haka kowa ke yi.

Kalla ya gani. Shi da bakinsa ya gaya mini daga baya. Ran Asabar ya ga yaron ya wanke rigunansa duka biyu, ya kai takalminsa wurin baduku, ya ƙulle ƙuli-ƙuli cikin leda ya tura ƙarƙashin tabarma. Ya ce ya tsaya bakin ƙofar ɗakin har ƙafarsa ta gaji. Tambaya tana bakinsa, ina za ka, da wa, amma yaya uba zai tsare ɗan fari da tambaya, kuma a jajibirin tafiya? Sai ya koma ɗakinsa ya ɗauko bargonsa guda ɗaya, ya ajiye bisa tabarmar yaron, ya fita. Ran Lahadi da safe babu Idris, babu bargo. Tare da shi an tafi da wasu 'yan ajina biyu, Sufyanu da Alƙasim.

Ran Littinin na kira suna, gurbi uku wofi. Me na yi? Na ɗauki biro na sa musu alamar fashi cikin kaye, littafin kiran suna, na ci gaba da darasi. Na ce a raina sun gangara fadamar Madawa dashen albasa, kamar yadda suke yi kowace shekara, sati biyu su dawo da kaushi a hannu. Ban aika gidan kowa ba. Ni Abdurrahman, mai karatu, mai tabarau! Ran Laraba kasuwarmu ta ci, Kalla ya zagaya da ganga yana shelar wata jaka mai farin baki da ta ɓace. Daga baya muka ji cewa a wannan ranar yaran suna nan Madawa, cikin wani gida bayan tasha, ana jiran babbar mota ta cika. Kwana huɗu suka yi a wurin, kuma tsakaninmu da su tafiyar awa biyu ce bisa moto, wato babur.

Sai bayan sati uku abin ya fashe, shi ma ba da dabarar kowa ba. Madam Rabi'atu, wadda ke riƙe da likitar garinmu, ɗan asibitinmu ke nan, ta kira ni don mu shirya allurar 'yan lakwal. Baƙuwa ce kamar ni, likitar kuma tana can ƙarshen gari, ba ta jin abin da ake ciki sai wanda ya zo da ciwo. Kalla yana tsugune bakin ƙofa yana jiran a ba shi ranar da zai shelanta. Ta tambaye ni yara nawa, na faɗa, na ce a cire uku, an ce sun tafi Agadas koyon gyaran mota wurin wani Alhaji Isaka.

Biro ya faɗi daga hannunta. Ta ce, "Mai tabo a gira?"

Na ce ban gan shi ba. Daga bakin ƙofa Kalla ya ce, "Shi ne."

Ta dafe kai. Ta ce wata biyu da suka wuce an kawo mata wani yaro daga wajen Urno, yana tari, yatsunsa biyu a murƙushe. Wannan mutumin ne ya ɗauke shi da zancen gareji. Babu gareji. Can bayan Agadas ake kai su, cikin hamada, wurin haƙar zinariya, ana zura su cikin ramukan da babba ba ya iya shiga saboda ƙunci. Ta ce ta rubuta cikin rahotonta na wata ta aika sama, kamar yadda aka koya mata.

Kalla ya miƙe tsaye. Bai ɗaga murya ba, kuma wallahi da ya ɗaga da ya fi mana sauƙi. Ya ce, "Madam, tun yaushe kika san wanga zance?"

Ta ce, "Wata biyu, Baba."

Ya ce, "Kullum Talata ina nan ƙofar. Ba ki aike ni ba."

Ta fashe da kuka. Ya juyo wajena, ya dube ni kawai.

Washegari muka ɗauki hanya, ni da Madam, muka kai magana wurin jandarma. Ashe su ma suna da sunan mutumin, wani uba daga wani gari ya riga ya kai ƙara, suna ta tsaron babbar hanya ba su san ya kwana uku a zauren mai garinmu ba. Wani ɗan kamasho a tasha ya ce ƙwarai ya gan shi da yara tara, ya ɗauka yaran shagonsa ne. Haba jama'a! Kowa yana riƙe da ɓarin ƙwarya a hannu, ba wanda ya ce wa ɗan'uwansa kawo naka mu haɗa. An ce in kunne ya ji jiki ya tsira, to mu kunnuwanmu duk sun ji, kowanne a ɗakinsa. Jandarmomi sun yi abin da za su iya, sun aika saƙo arewa. Amma hamada ba gonar gado ba ce da za a zagaye ta da yamma, lambar wayar mutumin kuma ta daina shiga.

Kalla ya tafi wurin mai gari, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa. Ya ce, "Ranka shi daɗe, a aike ni. Mutumin nan bai gama ba, akwai sauran garuruwa."

Mai gari ba mugu ba ne, kunya ce ta kama shi. A zaurensa baƙon ya kwana, da ƙwaryarsa ya sha fura. Ya ce a bari a gani, hukuma tana aikinta, kada a tada hankalin gari. Kasuwa ta ci, ba aike. Wata ta sake ci, ba aike. Sai Kalla ya same ni bayan an tashi yara, ya ce, "Mushe, kai ka aike ni. Ko kai kac ce, aike ne."

Wannan wurin ne ba na son faɗa, amma zan faɗa. Na ce masa ni baƙo ne, ma'aikaci, ba zan tsallake mai gari ba. Na yi masa dogon bayani mai kyau. Tsoro ne kawai, ba komai ba. Ya ce "To," ya tafi.

Laraba ta uku, kasuwa ta cika, rana ta take, sai muka ji ganga. Mutane suka tsaya kamar kullum suna jiran su ji "mai gari ya ce". Kalla ya hau kan dutsen da ke gaban mahauta, ya ce:

"Jama'a, a saurara! Ba wanda ya aike ni. Ni Kalla, ni na aiki kaina! Akwai wani mai tabo a gira, shina cewa sunansa Alhaji Isaka. Ba shi da gareji. Rami shika kai ɗiyan mutane! Wanda duk ya gane shi, ko mai irin zancensa, shi faɗa wa mushe, shi faɗa wa likita, shi faɗa wa jandarma, kada shi yi shiru! Ya tahi da Sufyanu ɗan gidan Zara. Ya tahi da Alƙasim na unguwar maƙera."

Ya tsaya. Ya buga ganga sau ɗaya, ba gaira ba dalili, sannan ya ce:

"Ya tahi da Idris. Idris ɗan Kalla. Ɗana."

Wata tsohuwa mai daddawa kusa da ni ta rufe baki ta ce, "Innalillahi, kunya ta ƙare a duniya." Wasu samari suna gefe sun ɗaga salula suna ɗauka, suna ƙyalƙyatawa. Ya sauko, ya koma ɗaya ƙarshen kasuwar, ya maimaita daga farko har ƙarshe. Sau huɗu ya yi, kamar yadda yake yi wa kowane aike.

Kuna tsammani an gode masa? Ina! Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Mai gari ya sayo amsa-kuwwa mai batir ya ba ɗan ƙanensa, daga ran nan ba a sake kiran Kalla fada ba. Iyayen sauran yaran suka ce ya sa wa tafiyar 'ya'yansu baki, in wani abu ya same su shi ne. Zara, uwar Sufyanu, ta yi shekara ba ta amsa gaisuwarsa. Dammunan hatsin da gidaje ke aika masa da kaka, ladan shela tun zamanin kakansa, suka ɗauke. In ya zo majalisar ƙofar masallaci sai hira ta mutu, wannan ya tuna akuyarsa ba ta sha ruwa ba, wancan ya tuna ana jiransa. Da ya gane, sai ya daina zama. Yakan yi salla ya wuce gida, gidan da yanzu ko ƙarar ƙwarya ta biyu babu.

Da ba wanda ke aikensa, sai ya tsara wa kansa aiki. Ran Littinin da hantsi zai zo lakwal ya tsaya bakin taga, ya ce, "Mushe, gurbin wa ke wofi?" In na faɗa, sai ya nufi gidan kai tsaye ya yi sallama ya tambaya. An kore shi, an zage shi, wata ta taɓa watsa masa ruwan wanke-wanke a ƙafa. Sati mai zuwa zai koma. Ran Talata yana likita. Madam ba ta faɗin sunan majiyyaci, amma ta koyi faɗin daga wace hanya yaro ya dawo, da wa ya kai shi. Ran kasuwar Allakaye yana can, ran ta Babankatami yana can, a ƙasa, da ganga da ɗan goran ruwa. Ya bi tasha ya gaisa da 'yan kamasho, ya ji wa ya ɗauki yara nawa. Abin da ya ji wurina ya kai wa Madam, na Madam ya kai tasha, na tasha ya kawo mini in buga wa jandarma. Bai iya ko bihim ba, duk a kansa yake riƙe su. Shi ya sa dole muka karɓi lambobin juna, mu da muka yi shekaru muna gaisawa a hanya kamar surukai.

Daga baya manya suka ga abin ya yi kyau. Aka kafa kwamitin kare yara, aka buɗe zaure a salula, aka kira babban taro, da baƙi daga birnin Tawa, da ruwan gora a kan tebur. Aka gayyace ni, aka gayyaci Madam, aka gayyaci mai gari. Kalla fa? Ba shi da salula, ba ya jin Faransanci, sunansa bai hau takarda ba. Raina ya ɓaci, na miƙe na ce wanda ya fara wannan aikin yana can yana taka duwatsu da takalmin taya. Aka yi mini tafi, ka ji, tafi! Aka wuce magana ta gaba. Da na dawo na gaya masa ina huci, sai ya ce, "Sun ce za su riƙa faɗa ma juna?" Na ce sun ce. Ya ce, "To ai shi ke nan."

Kuma abin ya yi amfani, ba zan ci hakkin kowa ba. Shekara ta biyu, bayan kaka, Kalla ya jiyo a Babankatami cewa wani baƙo yana raba wa yara riguna yana zancen gareji. Kafin la'asar magana ta iso ni, kafin magariba ta isa inda ya kamata. Washegari aka sauko da yara huɗu daga mota a tasha, aka tafi da mutumin. Ba mai tabon ba ne, wani ne daga cikin yaransa. Iyaye suka zo suka kwashi 'ya'yansu, ɗaya kaɗai ya nemi Kalla ya ba shi hannu. Na ce masa, "Yau kam ka ji daɗi."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Ɗiyan mutane sun kwana gida."

Kowace Littinin, in mun gama zancen gurbi, ba ya tafiya nan take. Yakan ɗan tsaya yana taɓa igiyar ganga. Bai taɓa tambaya ba, ko sau ɗaya. Ni nake cewa, "Babu labari tukuna, Kalla." Ya ce, "To." Littinin sama da ɗari muka yi haka, kuma ina gaya muku na tsani wannan "to" ɗin fiye da zagi.

Shekara ta uku, ruwan shuka ya sauka ran Alhamis. Ran Juma'a da sassafe ina alwala na ji sallama ƙasa-ƙasa. Wani dogon saurayi ne, baƙi wuluk, ƙasusuwan wuya a waje, yana tari. Sai da ya ce "Mushe" na gane Sufyanu. Ko gidansu bai kai awa ba ya taho wurina, ya ce ba zai iya haɗa ido da Baba Kalla ba.

Ya ba ni labari yana kallon ƙasa. Wurin babu gari kusa, babu ruwa sai wanda mai ramin ya kawo da mota, kuma ba mai shiga motar sai da izininsa. Shi ma don tarin ya hana shi aiki aka sako shi. Alƙasim yana can da rai. Ya ce wata rana wani sabon zuwa daga wajen Keita ya kunna musu wani abu a salula, wai su zo su ji wani tsoho mai shela da ya haukace a kasuwa. Suka taru suna dariya, sai suka ji sunayensu. Idris ya tashi ya zagaya bayan tanti, ya daɗe. Daga ran nan kullum sai ya roƙi mai salular ya kunna masa, har mutumin ya gaji ya fara ɓoyewa. Ya ce Idris yana cewa bana ko da ƙafa ne sai ya zo gida.

Na ce, "Yana ina?"

Ya ce bangon rami ya rufta masa, wata huɗu ke nan. Da hannu suka tono shi. Sun yi masa salla, su bakwai.

Na zauna bisa turmi, buta a hannuna. Shaiɗan bai bar ni ba. Ya ce mini wannan aikin liman ne, ka bari a sauko Juma'a, a tara dattawa, a je a tsanake. Har na fara yarda. Sai na ce wa kaina, "Abdurrahman, za ka sake?" Na tashi moto.

Na same shi cikin wata 'yar gona a gefen tasa, shi kaɗai, yana sara da sungumi, ya dawo ya zuba iri, ya rufe da diddige. Aikin mutum biyu ne, shi yake yin duka. Da ya gan ni ran Juma'a, ba Littinin ba, sai ya ajiye ƙwaryar irin a hankali. Ban yi kwana-kwana ba. Na ce, "Kalla, Sufyanu ya dawo. Idris ya rasu. Allah ya ba ka haƙuri."

Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ya nemi dutse ya zauna. Can ya ce, "An yi mai salla?"

Na ce an yi, mutum bakwai. Na gaya masa zancen salular, yadda Sufyanu ya faɗa mini, ba ƙari. Ya saurara har na gama, ya sa gefen rawaninsa ya rufe fuska. Kafaɗunsa kawai nake gani suna rawa. Ni ma ban iya riƙe nawa ba, muka zauna cikin gona, tsofaffi biyu, muna kuka.

Da ya natsu ya ce in raka shi gida. Bayan ɗakinsa akwai wani ɗan ƙaramin rumbu da ban taɓa kula da shi ba. Ya hau dutse ya ɗaga murfin, ya ce in leƙa. Cike yake da dammunan hatsi har baki, na ƙasa sun yi duhu don daɗewa. Ya ce gonar da na same shi ciki gayaunar yaron ce, wadda ya yanka masa tun yana shekara goma sha biyu. Kaka biyu ke nan yana nome ta yana zubawa nan. Sai na tuna bara, da damina ta yi gardama, na sha ganinsa yana cin tafasa da ɗan ƙuli, har na yi masa faɗa na aika masa da gero tiya biyu. Ashe rumbun nan yana bayansa, a cike.

Na ce, "Haba Kalla! Da yunwa da komai?"

Ya ce, "Na yaro ne. Cewa na yi in ya zo shi iske abin hannunsa." Ya mayar da murfin. "Ka sa a kwashe, Mushe. A kai lakwal a dama ma yara kunu."

Na ce ya rage ko dami biyar, shuka yanzu aka fara, kaka da nisa.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ba ya wuce mini wuya."

Na miƙe, na ce bari in je in sanar da liman da mai gari, don mutane su zo gaisuwa. Ya kamo bakin rigata. Tun da na san shi bai taɓa taɓa ni ba sai ran nan.

Ya ce, "Liman ba ya gudu. Zauna kaɗan."

Na zauna gindin rumbun, ya zauna kusa da ni. Har ladan ya kira sallar Juma'a muna nan mu biyu, ba wanda ya yi sallama a ƙofar gidan.